Baje kolin wuƙaƙen hannu: me zai hana a yi irinsa a Kaduna?

Injiniya, Barnawa:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga Afirka ta Kudu, inda wurin aikinmu ya tura mu kwas a kan gyaran injuna. Ɗaya daga cikin malamanmu, wanda ƙirar wuƙa ce abin da yake yi idan ya tashi daga aiki, ya ɗauke ni zuwa wani ƙaramin baje koli na masu ƙera wuƙa da hannu a wajen birnin Johannesburg. Ba irin gagarumin taron nan ba ne da ake kira Blade Show, wanda ake yi duk shekara a watan Yuni a Atlanta ta Amurka. Wannan na yanki ne: maƙeran da ke kusa ne suka taru, kowa da teburinsa, an shimfiɗa ƙyalle an jera wuƙaƙe, na wani goma, na wani ma ba su kai haka ba, kuma wanda ya ƙera su ne yake tsaye a bayan teburin, babu dillali a tsakani.

Wurin yana da ladubbansa. Ba ka ɗaukar wuƙa sai ka nemi izini, ba ka shafa ruwan wuƙar da yatsa domin gumin hannu yana jawo tsatsa, kuma idan za ka mayar, ta wajen ƙota kake miƙawa. Kowace wuƙa tana da ɗan kati da ke faɗin irin ƙarfen da aka yi ta da shi, da ƙarfinta a ma'aunin Rockwell, da itacen ƙotar, sannan sunan maƙerin yana buge a jikin ƙarfen. Na ɗauki wata wuƙar fiɗa na yi ta jujjuya ta ina neman kafa tsakanin ƙarfe da ƙota, amma ko farce bai sami wurin shiga ba. Da na tambayi mai ita inda yake samun ƙarfe, sai ya ce daga tsohon sifirin ɗin mota ya yanko. Nan jikina ya yi sanyi, domin shi ne dai ƙarfen da maƙeranmu na Panteka suke aiki da shi kullum, amma kuɗin da ya sa wa wuƙar ya kai dala ɗaruruwa.

Tambayata ita ce: me ya raba tamu da tasu, kuma me zai hana mu shirya irin wannan taro a Kaduna?

Baba Maƙeri, Panteka:
Wa alaikumus salam. Ɗana Injiniya, barka da dawowa. Jikana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa, don haka a yi haƙuri idan amsata ta yi jinkiri. Ni a maƙera na buɗe ido, a gindin zuga-zugi na fara aiki tun kafin a ba ni izinin riƙe masaba, kuma zan gaya maka gaskiya: abin da ya raba mu da su shi ne mai saye. Wanda ka gani yana da wanda zai biya shi ladan mako guda a kan wuƙa ɗaya. Ni kuwa mutum zai zo ya ɗauki wuƙa, bai tambayi ƙarfenta ba, bai dubi ƙotarta ba, abin da yake fara cewa shi ne, "Nawa za ka rage?" Idan na zauna ina goge wuƙa da samfefa har ta ɗauki ido, wa zai biya ni wannan zaman? Ana saura mako biyu Babbar Sallah, ni da yarana muna fitar da wuƙaƙe da yawa a wuni guda, kuma da kuɗinsu muke yin namu layyar. Ba iyawa ce babu ba. A ba ni lokaci, a ba ni kuɗin lokacin, sannan a zo a gwada farce.

Mahauci, Zangon Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce, amma ka bar wani ɓangare, kuma mu da wuƙa take hannunmu daga asuba har azahar mu ne muka san shi. Mu ba ƙyalli muke nema ba. Matsalarmu ita ce rashin tabbas. Akwai wani maƙeri da na daɗe ina saye a wurinsa, ba zan kama suna ba. Wata rana na sayi wuƙa biyu a hannunsa, tsayi ɗaya, kuɗi ɗaya. Ta farko na feɗe sa da ita ban nemi washi ba sai da na zo wajen wuya, ta biyun kuwa tana taɓa ƙashi bakinta ya yi giɓi kamar haƙorin tsoho. Na koma na nuna masa, ya ce sa'a ce. To, mai sana'a ba ya iya dogara da sa'a, kuma wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu suka koma sayen wuƙaƙen kamfani na ƙasashen waje, ba domin sun fi kaifi ba, sai domin ta yau da ta gobe duk halinsu ɗaya. Da zan sami wanda zai buga sunansa a wuƙa, ya ce idan ta yi giɓi in dawo da ita, wallahi zan biya ninki biyu ban yi ciniki ba.

Malamin Fasaha, Tudun Wada:
Abin da Alhaji mahauci ya kira rashin tabbas yana da dalili, kuma kusan dukkansa a wajen ban-ruwa yake, wato zafafa wuƙa a wuta a tsoma ta a ruwa ko mai domin ta yi ƙarfi. Ina neman izinin Baba in yi bayani, ko da yake a gabansa ni ɗalibi ne.

Abu na farko shi ne ƙarfen kansa. Yawancin sifirin ɗin mota ana yin sa ne da ƙarfe irin wanda ake kira 5160 ko danginsa, mai kabon kimanin kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan kuromiyam, kuma wannan adadin ya isa wuƙa ta yi ƙarfi ta riƙe kaifi. Tsohon magagari ya fi shi kabon, yana kusantar kashi 1 cikin ɗari, shi ya sa yake ba da kaifi mai kyau amma yake saurin karyewa. Rodin gini kuwa yawanci kabon ɗinsa ƙasa yake sosai, kuma ba a san me aka narka aka haɗa a cikinsa ba, saboda haka duk yadda aka ba shi ruwa ba zai zama wuƙar kirki ba. Idan aka tara ƙarafan bola aka yi ta ƙira ba tare da an ware su ba, to dole wuƙa biyu daga hannu ɗaya su bambanta.

Abu na biyu shi ne zafi. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, kuma ana so a ɗan wuce nan, zuwa kamar 800 ko 830, kafin a tsoma shi. Idan bai kai ba, ba zai yi ƙarfi ba. Idan ya zarce da yawa, ƙwayoyin cikinsa suna yin girma, sai ya riƙa gutsurewa. Irin ƙarfen sifirin, a cikin mai ake tsoma shi, domin ruwan sanyi yana sanyaya shi da gaggawar da kan sa ya tsage. Bayan an tsoma, wuƙar tana da ƙarfi ƙwarai amma tana iya fashewa, sai an sake ɗumama ta a wajen digiri 200 na kamar awa ɗaya ko biyu kafin ta sami juriya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake yawan tsallakewa idan aiki ya yi yawa, kuma ina zaton shi aka tsallake a wuƙar Alhaji ta biyu. Maƙeran da Injiniya ya gani ba su fi namu hannu ba, amma da yawansu suna da tanda mai ma'aunin zafi, shi ya sa suke iya rubuta 58 ko 60 na ma'aunin Rockwell a kati su tsaya a kai.

Baba Maƙeri, Panteka:
Malam, ka yi bayani mai kyau, sai dai duk abin da ka lissafa da lamba mu da ido muka gaje shi. Mun san jan da ake so kafin a tsoma, mun kuma san cewa idan aka goge wuƙa aka mayar da ita kusa da wuta, launi yana bin jikinta daga ruwan busasshen kara zuwa ja-ja har zuwa shuɗi, kuma wuƙar yanka a launin karan ake tsayar da ita, idan ta kai shuɗi ta yi laushi. Abin da ya lalace shi ne lokaci. Mahaifina ba ya ba ƙarfe ruwa da tsakar rana. Sai ya tara aikin wuni, idan rana ta yi sanyi wajen magariba, ko da sassafe a cikin rumfa, sannan ya yi, domin a hasken rana ƙarfen da ya riga ya wuce misali sai ka ga kamar bai yi ja ba. Yaran yanzu a fili suke aiki, fanka tana hura wuta da ƙarfi fiye da zuga-zugi, mai saye yana tsaye a kansu yana duba agogo. Sannan gawayin ƙirya, wanda shi ne gawayin ƙira tun asali, ya yi tsada ya yi wuya, abin da ake kawo mana yanzu gauraye ne. Maganar maganaɗisu kuwa na karɓa, zan sa a ɗaure ɗaya a bakin maƙera domin yara.

Hajiya, Unguwar Rimi:
Ina gaishe da iyaye da malamai. Na karanta komai, kuma na ƙaru, amma ni a matsayina na uwa akwai abin da ya hana ni murna da wannan shawara. A garin nan da muke ciki, wa bai san ɓarnar 'yan shara da masu ƙwacen waya ba? Da wuƙa suke tare mutane. A irin wannan hali ne za a buga sanarwa a ce ga ranar da za a tara wuƙaƙe a zaure ɗaya, kowa ya zo ya kalla ya yaba? Injiniya, ƙanena, abin da ya dace da wani gari ba lallai ne ya dace da namu ba, kuma ina tsoron kada a mayar da wuƙa abin ado a idon samari.

Injiniya, Barnawa:
Hajiya, wannan damuwa tana kan hanya, kuma ƙasar da na je ɗin ma tana fama da laifuffuka masu tsanani. Abin da na lura shi ne ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, yara suna tare da iyayensu, kuma duk wuƙar da aka saya sai an naɗe ta kafin a fita da ita. Sannan wanda zai tare mutum a lungu ba zai je inda aka san fuskarsa ya sayi wuƙa mai tsada mai sunan maƙeri a jiki ba, alhali mai araha tana zube a kowace kasuwa babu mai tambayarsa.

Hajiya, Unguwar Rimi:
Ban ce a can zai saya ba. Na ce hotunan za su bazu a Facebook da TikTok, kuma yaron da ya ga manya suna tafa wa wuƙa mai tsini biyu zai ɗauki wani darasi dabam da wanda kuke nufi.

Lauya, Malali:
Ina ganin Hajiya da Injiniya kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, kuma mafita tana cikin irin kayan da za a yarda a baje. Idan aka taƙaita taron ga kayan sana'a, wato wuƙar girki, wuƙar fiɗa da ta yanka, askar wanzamai, wuƙar dukawa, lauje da gatari, to hoton da zai fita na masu neman halal ne. Takubba da wuƙaƙen damtse irin na hawan Sallah a Zazzau a ajiye su a cikin gilashi domin kallo kawai, ba na sayarwa ba. A sanar da 'yan sanda a rubuce tun da wuri, a rubuta sunan duk mai saye, kuma kada a sayar wa yaro. A Ingila doka ce ta hana sayar da wuƙa ga wanda bai kai shekara 18 ba, mu kuwa babu abin da zai hana masu shirya taro su sa wannan a matsayin sharaɗinsu. Kuma ina ba da shawarar kada a yi shi shi kaɗai a karon farko. Cibiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA tana gudanar da kasuwar baje koli ta duniya duk shekara a filinta da ke hanyar Zariya, wajen Rigachikun, inda akwai shinge da masu tsaro. A nemi rumfa ɗaya a ciki a gwada.

Hajiya, Unguwar Rimi:
Idan haka ne hankalina ya ɗan kwanta, ko da yake sai na gani a ƙasa. Tun da an ambaci wuƙar girki, ni ma ina da ƙorafi: wuƙar maƙera tana da kaifi, amma ina yanka albasa ko tumatir da ita sai ta yi baƙi, idan aka bar ta a jiƙe kuma kafin safe ta yi tsatsa.

Malamin Fasaha, Tudun Wada:
Hajiya, wannan halin ƙarfen ne, ba laifin maƙeri ba. Wanda ba ya tsatsa sai yana da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma ban-ruwansa yana bukatar zafin da ya haura digiri 1,000 da ma'auni daidai, abin da wutar gawayi ba za ta ba da shi da tabbas ba. Baƙin da kike gani ba ya cutarwa, yana ma ɗan kare ƙarfen. A wanke, a goge nan take, a shafa ɗigon man gyaɗa.

Baduku, Zariya:
An yi ta magana a kan ƙarfe an manta da mu. Wuƙar da za a sa wa kuɗi mai yawa ba za a miƙa ta a cikin tsohuwar jarida ba, sai da kube. Muna da fatar da aka jeme da bagaruwa, muna da jar fatar akuyar Sakkwato wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, muna da ɗinki da zanen da babu irinsu a teburan da Injiniya ya gani. Sharaɗina ɗaya ne: a kawo mini wuƙar in ɗinka mata kube a jikinta, kada a ce in yi guda hamsin awo ɗaya. Kuma a gaya wa masu saye kada su bar wuƙa a cikin kube tsawon damina, domin fata tana riƙe laima.

Ɗan Kasuwa, Kawo:
Ni ina sayar da kaya ta intanet, kuma abin da na ga yana tafiya shi ne wuƙar nan mai zane kamar igiyar ruwa da ake kira ƙarfen Dimashƙa. Baba, idan za ku iya yin irinta, ni zan nemo masu saye har daga waje.

Malamin Fasaha, Tudun Wada:
Ƙanena, a bi a hankali. Abin da ake sayarwa da wannan suna a yau ƙarfe iri biyu ne, ɗaya mai ɗan nikel, ake jera su a haɗe su a wuta, a miƙar, a ninke, a sake haɗewa har sawu ya kai ɗaruruwa, sannan a tsoma a sinadari zanen ya fito. Wani maƙeri Ba'amurke mai suna Bill Moran ne ya sake fito da shi a idon duniya a 1973. Aiki ne mai cin gawayi da ƙarfi, kuma idan haɗin bai kama ba a sawu ɗaya, wuƙar tana iya ɓarewa. Zanen ba ya ƙara kaifi ko kaɗan, har akwai na jabu da ake zana shi a saman ƙarfe kawai. Wanda bai daidaita ban-ruwan wuƙar sifirin ba, bai kamata ya tsallaka can ba.

Injiniya, Barnawa:
Maganar Malam ta tuna mini da abin da ya fi burge ni. Shi Bill Moran ɗin yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, ABS, a 1976, kuma ƙungiyar ba ta ba mutum hatiminta sai ya ci jarrabawa da wuƙar da ya ƙera da hannunsa. Zai sare igiya mai kaurin inci ɗaya tana rataye da sara ɗaya, ya datse katako tu-bai-fo sau biyu, sannan wuƙar ta aske gashin hannu ba tare da an wasa ta ba, daga ƙarshe a matse tsininta a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta karye biyu ba. Wanda yake neman matsayin gwani kuwa da wuƙar Dimashƙa mai sawu aƙalla 300 zai yi. Wannan hatimin ne yake sa mai saye ya biya bai yi gardama ba, kuma shi ne tabbas ɗin da Alhaji mahauci yake nema.

Baba Maƙeri, Panteka:
Jikana ya karanta mini jarrabawar har sau biyu, na yi dariya. Ta lanƙwasawar ba sihiri ba ce: bakin wuƙar kaɗai ake ba ruwa, a bar bayanta da laushi, kuma haka muke yi wa adda da gatari domin kada su karye a hannun manomi. Amma ni ban ga amfanin lalata wuƙa mai kyau domin a ba ni takarda ba. Mu ma muna da tsarinmu, akwai Sarkin Maƙera, kuma a da yaro ba ya buɗe maƙerarsa sai ubangidansa ya sallame shi. Idan za a yi hatimi, a bi ta hannun shugabanninmu, kada wasu su zauna a ofis su rubuta mana yadda ake ƙira. Kuma kada a sa taron dab da Babbar Sallah, domin babu maƙerin da zai bar maƙera a lokacin ya je ya tsaya a bayan tebur.

Mahauci, Zangon Tudun Wada:
Baba ya yi gaskiya, igiya da katako jarrabawar mutanen da suke shiga daji ce. Tamu jarrabawar a mayanka take. A ba mutum ɗaya wuƙaƙen, ya yi fiɗa da kowace, a ƙirga sau nawa ya koma wajen washi, sannan a dubi bakinta bayan ta bi gaɓoɓi. Ni na yarda in yi wannan kyauta a gaban shaidu.

Malamin Fasaha, Tudun Wada:
To, ga shawara kafin a je ga maganar rumfa da KADCCIMA. Baba ya yanko wuƙa uku daga sifirin guda ɗaya, siffa ɗaya. Ta farko a ba ta ruwa yadda ake yi a ranar da aiki ya yi yawa, ta biyu Baba ya yi da kansa da magariba yadda mahaifinsa yake yi, ta uku a gwada da maganaɗisu, a tsoma a mai, in kai ta tandar lantarki in gasa ta a digiri 200. Kada a gaya wa Alhaji wace ce wace.

Baba Maƙeri, Panteka:
Na amince, amma Injiniya ne zai sayi gawayin, kuma na ƙirya nake so, ba gauraye ba. Alhaji, ka faɗi tsayin da kake aiki da shi.

Mahauci, Zangon Tudun Wada:
Taƙi ɗaya ban da ƙota, Baba, cikinta ya ɗan yi lanƙwasa wajen tsini. Ƙotar kuma kada a goge ta ta yi santsi, domin hannunmu kullum cikin kitse yake. Ranar Asabar mun fi samun shanu, idan sun kammala a aiko mini da su tun daren Juma'a.